Dalilin da Ya Sa Vukan Bai Shigo Motar Asabar Ba

Lipovac,
Juma'a, 5 ga Satumba.

Zuwa ga yayana Budimir,

Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ƙane ga wansa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Dobrila da 'yar autarku Kosara. Allah ya sauƙaƙa maka ciwon gwiwar nan, don Dobrila ta faɗa wa matata Jagoda cewa durƙuson aikin tayil ya fara nuna maka shekarunka, kai kuma ka ƙi zuwa asibiti kamar yadda ka saba. Mu nan duk lafiya lau muke. Mama tana nan da ƙarfinta, sai dai kunne da ya ƙara nauyi, in ban da lokacin da ake gulmarta, nan kam tana ji sarai. Satin nan kaf unguwarmu ƙamshin gasasshen tattasai take yi, kowane gida an hura wuta a tsakar gida ana haɗa ajvar, miyar tattasan nan da muke ajiyewa don hunturu. Mama ta cika kwalabe talatin da ɗaya, ta ware muku uku mafiya girma, ta ce in gaya wa Dobrila kada ta kuskura ta ba maƙwabtanku Jamusawa, wai ba su san darajarsa ba.

Yaya, ba zan yi ta kewaye-kewaye ba, don na san a tsaye kake karanta wannan a tashar mota ta Stuttgart, kana leƙen ƙofa ko za ka ga dogon ɗanka ya sunkuyo ya fito. Ba zai fito ba. Vukan lafiyarsa ƙalau, bai yi haɗari ba, bai yi faɗa da kowa ba, ba kuma guduwa ya yi ba. Tun ranar Laraba ya haɗa jakarsa ya ajiye a bakin ƙofa. Ni na hana shi. Ni na ɗauke tikitin da ka aiko daga kan firij na sa a aljihuna, kuma gobe ni zan miƙa wa direba kwalaben nan uku da wannan takarda a madadinsa. Ban kira ka a waya ba saboda na san halinmu. Kafin in kai rabin magana ka fara ihu, ni ma in fara, ɗayanmu ya kashe waya, a yi wata biyu ba a gaisa ba. Takarda kuwa ba ka da yadda za ka katse ta, sai dai ka yaga, kuma ina roƙonka ka bari sai ka kai ƙarshe.

Ban manta da alkawarinmu ba. A watan Disamba, ranar bikin waliyyin gidanmu, a gaban Mama da kyandir da gurasar biki, ka ce yaro ɗan shekara goma sha tara ya isa ya san inda ya dosa. Ka ce in ɗaya ga Satumba ta yi bai sa hannu a kwantiragi da babbar ƙungiya ba, to ya ajiye ƙwallon kwando ya zo ya koyi sana'a a hannunka. Na miƙa maka hannu, har da cika baki, na ce ka fara neman wani yaron aikin don wannan kam ba za ka gan shi ba. Ga shi ɗaya ga wata ta wuce, babu kwantiragi. Ta fuskar alkawari kai ne da gaskiya, ba ni da ta cewa. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, dole ka san yadda aka yi aka rasa shi.

Ka san Gvozden, shugaban kulob ɗinmu, wanda har gobe yake ganin riƙon ƙungiya da riƙon kamfanin katakonsa duk abu ɗaya ne. Bana tun watan Yuni ya shiga kasuwar 'yan wasa shi kaɗai, ba shawara da koci, balle ni da nake mataimakin koci shekara ashirin da biyu. Wani dillali a Belgrade ya turo masa faifan bidiyo na minti huɗu, wani Ba'amurke yana tashi sama yana cusa ƙwallo a kwando kamar ba ƙasa yake takawa ba. Gvozden ya kalla a waya, ya nuna wa duk wanda ya shigo ofishinsa har da mai kawo wasiƙu, ya sa hannu. Ashe faifan ya shekara uku. Ni aka aika filin jirgi in ɗauko shi, kuma wallahi mutumin da ya fito sai ka ce ya haɗiye na cikin faifan ne. Mutumin kirki ne, ba na ƙinsa, yana gaida kowa, yana cin abincin Jagoda yana lumshe ido. Amma da muka hau dutsen Zlatibor atisaye, a hawa na uku ya nemi wani dutse ya zauna, ya tambaye ni wai babu mota ne a ƙasar nan. Bayan shi aka ƙara ɗauko tsofaffi biyu da wasu ƙungiyoyi suka sallama. Kafin mu ankara gurbi goma sha ɗaya cikin goma sha biyu sun cika, saura ɗaya tak, wanda kulob ke ajiye wa yaron gida kowace shekara.

Yara biyu ne ke neman wannan gurbi, Vukan da Damjan. Damjan kuwa ɗan kum ɗin Gvozden ne, wato babban amininsa da ya zama kamar ɗan'uwa. Uban yaron ne ya tsaya wa Gvozden a coci ranar aurensa, shi ya raɗa wa 'ya'yansa uku suna. Na san da wannan tun farko, ban kuma ji tsoro ba, don ina ganin tazarar da ke tsakanin yaran ta fi ƙarfin kowace irin alfarma. Ba na so ka ɗauka Damjan yaron banza ne. Yana da hannu mai kyau, yana da ladabi. Matsalarsa ɗaya ce, in ƙwallo ya shiga hannunsa sai dai ka je ka jira shi a ƙarƙashin kwando, ba ya dawowa.

Ga inda laifina ya fara. Safiyar farko a kan dutsen, muna saukowa daga gudu, na ja Vukan gefe. Ka tuna bara shi ya fi kowa cin maki a gasar matasa, yaron da in ya ga kwando hannunsa har ƙaiƙayi yake yi. Na ce masa babbar ƙungiya ba ta neman yaron da zai zo ya ƙwace wa manya ƙwallo, tana neman wanda zai yi musu aikin da suke ƙyama. Na ce ya tsare gida, ya tsaya ya tare wa abokinsa hanya don ya samu sarari, ya faɗi ƙasa ya ƙwato ƙwallon da kowa ya haƙura da shi. Na ce kada ya jefa sai ya tabbata babu wanda ya fi shi sarari. Na ce masa masu ido za su gani. Bai yi mini musu ba ko da kalma ɗaya, ya ce to Baffa, ya goge gumi, ya koma layi.

Kuma ya yi, Yaya. Ya yi fiye da yadda na faɗa masa. Wasa shida muka buga da sauran ƙungiyoyin da ke atisaye a can, ni kuma ina gefe da baƙin littafina mai ɗaurin roba, ina rubuta abin da allon maki ba ya nunawa: wa ya fara komowa gida in an ƙwace ƙwallo, wa ke yi wa 'yan'uwansa magana, wa ya sha gwiwar hannu a haƙarƙari bai kauce ba. Shafi bayan shafi sunan ɗanka ne. Duk lokacin da yake cikin fili abokan karawa sai su rikice, da zarar ya zauna a benci sai su fara zura mana kamar ƙofa a buɗe. Amma takardar da ake bugawa bayan wasa ta ce Damjan maki goma sha tara a kowane wasa, Vukan shida. Ba wanda ya tsaya ya ƙirga sau nawa Damjan ya jefa kafin ya samu sha taran nan, ko wa ya buɗe masa hanya.

A wasan ƙarshe an fi mu da maki ɗaya, saura daƙiƙa huɗu, ƙwallo ya zo hannun Vukan a kusurwa, ba kowa a gabansa. Na ga ya ɗaga hannu, na ga ya tsaya. Damjan yana ƙarƙashin kwando shi kaɗai, ya fi shi kusa, sai ya miƙa masa, Damjan ya zura, muka ci wasa. Ni a gefe har ƙwalla ta cika mini ido don alfahari, na ce yaron nan ya zama ɗan wasa. Washegari jaridar gari ta buga hoton Damjan hannuwa sama, 'yan wasa sun yanyame shi, a can gefen hagu kuma ga wata gwiwar hannu ta leƙo. Mama ta yanke hoton da almakashi ta manna a jikin kabad, duk wadda ta shigo sai ta nuna mata, wai ita ko cikin dubu za ta gane gwiwar hannun jikanta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ranar Talata aka zauna yanke hukunci, a gidan abincin nan na bakin kogi, da rana, ga rago ana juyawa a kan wuta. Mu biyar ne: Gvozden, da Sreten sabon kocinmu, da 'yan kwamiti biyu, likitan haƙori da mai sayar da taya, sai ni. Da aka zo kan gurbin yaron gida sai na tuna da marigayi Radoje, wanda ya koya mana wasan nan ni da kai. Ka tuna shekarar da aka zo kan maganar ɗansa na cikinsa? Ya ajiye littafinsa a kan tebur, ya ɗauki hularsa, ya ce wanda yake da jini a cikin magana ba ya zama a ɗaki. Mutanen da ya bari a ciki suka ɗauki abin a matsayin amana, suka karanta littafin layi-layi, suka fi tsoron zaluntar yaron fiye da in ubansa na zaune. Ni ina ɗan shekara goma sha shida, ni da kai muna leƙe ta taga, kuma tun ranar nake jiran lokacin da ni ma zan yi irin wannan fita. Sai na miƙe, na ajiye littafina a tsakiyar tebur, na ce musu komai na ciki, na fita. Na tsaya wajen mai juya rago muna hirar tsadar gawayi kusan minti ashirin, ina ta hura hanci ni kaɗai kamar zakara a kan juji.

Da aka kira ni na dawo, abin da idona ya fara sauka a kai shi ne littafin. An ɗora masa farantin albasa, robar da na ɗaure shi da ita tana nan yadda na bar ta. Gvozden yana sakace haƙori ya ce sun gama, Damjan suka ɗauka, wai ko ɗan aji ɗaya ya san tsakanin sha tara da shida wanne ya fi. Har ya dafa mini kafaɗa, wai ya gode mini da dattako, tunda ban tsaya na sa kowa cikin kunya ba. A lokacin ban gane inda maganar ta dosa ba. Na ɗauki littafina yana warin albasa na fito, ko naman ban taɓa ba.

Washegari da safe na tare Sreten a ɗakin atisaye. Shekararsa talatin da huɗu, ba ɗan garin nan ba ne, bai taɓa jin sunan Radoje ba. Kafin in buɗe baki shi ya fara yi mini faɗa. Wai wace irin tsiya ce ta fitar da ni waje? Wai shi Vukan yake so tun mako na biyu, ya zo da niyyar in ni na fara magana shi ya mara mini baya, sai kawai ya ga na tashi kamar wanda ciki ya murɗa. Ya ce ina rufe ƙofa Gvozden ya nuna ta da cokali, ya ce wa sauran kun gani ko, ko baffansa ma kunya ta hana shi tsaya masa. Likitan haƙori ya yi dariya, mai taya ya gyaɗa kai, shi kuma Sreten da kwantiraginsa na shekara ɗaya ne ya sunkuyar da kai yana kallon faranti. Na ce masa matsoraci ne. Ya dube ni ya ce ya yarda, amma shi dai matsoracin yana zaune a ɗakin lokacin da ake magana. Yaya, da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Shiru ma magana ce, ni kuma na bar wasu suka fassara nawa yadda suka ga dama.

Daga nan ban zame ko'ina ba sai kamfanin katako. Na buɗe wa Gvozden littafin a kan teburinsa, na ce ya karanta shafi uku kawai. Ko kallo bai yi ba. Wai takarda ta riga ta tafi ofishin gasa, wai ihu bayan hari nake yi, wai kuma kum ba maɓallin riga ba ne da mutum zai ɓalle ya yar don wani ya iya rubutu a littafi. Ya ce in ina da magana me ya hana ni faɗa jiya? Ka ji tambayar da ta fi ƙona mini rai. Na ciro usur ɗina da makullin ɗakin atisaye na ajiye masa a kan tebur. Jagoda da ta ji ta ce daman ta gaji da wanke riguna masu warin gumin 'ya'yan mutane, daga baya na same ta a kicin tana share ido.

Haushin Gvozden nake ji, haushin Sreten nake ji, haushin dillalai da faifansu na minti huɗu nake ji, amma duk in aka haɗa bai kai wanda nake ji na kaina ba. Kiɗa ya canza tun tuni, ni kaɗai nake tsohuwar rawa. Da bakina na hana yaro cin makin da za a gani, na ce masu ido za su duba, sannan da ranar ta zo, mutum ɗaya mai idon da ke ɗakin ya tashi ya tafi hirar gawayi. Don a ce Obrad dattijo ne na yi, ba don Vukan ba. Wannan ita ce gaskiyar, kuma ba ta yi mini daɗin rubutawa ba.

Da yammacin Laraban na samu Vukan a tsakar gidan Mama, yana zaune a kan ƙaramar kujera, gwiwoyinsa sun kusa kai kunnensa, yana ɓare gasasshen tattasai, yatsunsa duk sun yi baƙi. Na faɗa masa komai, ban rage ba. Bai ɗago ba, bai daina ɓara ba. Can sai ya ce shi bai yi fushi da ni ba, tambaya ɗaya kawai yake da ita. Wai a wasan ƙarshe, da ya jefa daga kusurwar nan, ina ganin da ya shiga? Na ce da ya shiga. Ya ce shi ma ya sani. Ya ƙarasa kwanon, ya wanke hannu, ya shiga ɗaki ya fara ninke kaya.

Jiya Alhamis na tuƙa mota awa huɗu zuwa kudu, kusa da iyakar Bulgeriya, wurin Cvetko. E, Cvetkon da ka fasa wa hanci a atisaye, har yanzu hancin a karkace yake, ya kuma ce in gaishe ka da kyau. Shi ke horar da wata ƙungiya a rukuni na biyu, ƙaramin gari, ɗakin wasansu rufinsa na yoyo. Na ajiye masa littafin, na cire robar da hannuna, na zauna a gabansa ban motsa ba sai da ya karanta tun daga farko har ƙarshe. Bai yi mini alkawari ba. Ya ce in kawo yaron ranar Litinin ya gan shi kwana uku, kwamitinsu zai zauna ranar Laraba da yamma. Na ce masa zan zauna a ɗakin. Ya tuna mini da dokar Radoje, na ce Allah ya jiƙan Radoje, amma in sun kore ni ta ƙofa ta taga zan dawo.

Da na dawo na gaya wa Vukan, ƙi ya yi. Ya ce ya yi wa babansa alkawari, kuma shi ba zai fara rayuwa da saɓa magana ba. Sai da Mama ta sa baki, ta ce ita ta haifi mai alkawarin da wanda aka yi wa, sannan ya yarda, bisa sharaɗin in rubuta maka komai da hannuna, har da abin da bai yi mini kyau ba. To ga shi na rubuta. Abin da nake roƙo shi ne ka ba mu zuwa Laraba. In sun ɗauke shi, ka bar masa kakar wasa ɗaya ya jefa ƙwallonsa yadda Allah ya hore masa, ba tare da wani tsoho yana riƙe masa hannu ba. In ba su ɗauke shi ba, ko kuma ka karanta wannan ka ce a'a, ka kira wayar gidan Mama ka faɗa. Direba ya ce ana iya ɗaga tikitin zuwa Asabar ta sama, ni da kaina zan ɗauki jakarsa in kai shi tasha, ba kuma zan sake ce maka uffan ba. Sana'arka ba abin kunya ba ce, ita ta rufa wa gidanmu asiri shekara da shekaru. Abin da ba zan iya jurewa ba shi ne ya durƙusa yana jera tayil yana ganin an auna shi an ga bai kai ba, alhali ba wanda ya auna shi.

Ka gaida Dobrila, ka ce mata ta yi haƙuri, na san ta gyara ɗaki ta yi girki. In zagina za ta yi ta zage ni, na cancanta. Ka gaida Kosara, ka ce Baffa ya ji labarin sakamakon jarrabawarta, Allah ya ƙara basira. Mama tana gaishe ku, Jagoda tana gaishe ku, Vukan ya ce in gaida mamarsa, kai kuma ya ce ya kasa samun abin da zai faɗa maka tukuna. Na sa hoton jaridar a cikin ambulan ɗin nan. Ka duba gefen hagu sosai, gwiwar hannun nan ta ɗanka ce, a daidai lokacin da ya ba da ƙwallon da ya san zai iya ci. Mama ta ce in ka gama kallo ka dawo mata da abinta.

Allah ya bar zumunci, ya huci zuciyarka.

Ƙanenka mai jiran amsa,
Obrad